Za Mu Je Ganin Itatuwa

Ranar Juma'a da yamma Gidaɗo ya iso Manchester kamar yadda ya saba, ƙaramar jakarsa a kafaɗa, rigarsa tana warin bas. Tun da suka yi aure haka zamansu yake: shi yana Birmingham, injiniyan gine-gine ne a council, wato hukumar birnin, ita kuma Safiyatu tana nan Longsight tana fama da digirinta na uku. Ƙarshen mako kaɗai suke da shi, wanda ya samu sarari ya bi ɗan'uwansa. Shi ya sa Juma'a ta zame mata ƙaramar salla. Ta turara ɗakin, ta tuƙa tuwon shinkafa, ta fito da kukar da take ɓoyo tun zuwan wata 'yar ajinsu daga Zariya.

Yana cikin ci ya ɗago kai.

"Dakta," ya ce. Haka yake kiranta tun kafin ta rubuta babin farko. "Idan Yuli ya kama, supervisor ɗinki zai ba ki hutu?"

"Idan na yi masa kuka. Gida za mu je?"

"Indiya."

Ta yi dariya har ta kusa ƙwarewa. "Indiya, Injiniya? Rawa za mu je yi a kan dutse?"

"Wani gari ne can kudu, Nilambur. Daji ne ya kewaye shi. Lokacin daminarsu ne, Alfred ya ce ruwa ake yi kamar da bakin ƙwarya, kowane dutse sai ya zama magangarar ruwa. Ga gandun itacen tik, irin wanda ake ƙofofi da shi, wasu sun haura shekara ɗari a tsaye." Ya sauke murya. "Mu je mu huta. Mu je mu ga itatuwa."

Ludayin miya ya tsaya a hannunta.

Tana aji biyu a sakandare lokacin da ta fara jin wannan magana. Babanta ma'aikacin gandun daji ne a Nimbia, ba nisa da Kafanchan, mutum ne da ke gaisawa da bishiya kamar yadda ake gaisawa da maƙwabci. Wata safiya ya tsuguna a gabanta da jakar tafiya a gefensa, ya ce, "Zan je Indiya in ga itatuwa, Safiya. An ce nasu sun girmi namu." Ƙanensa Kawu Sunusi ya raka shi. Kawu ya dawo shi kaɗai, da jakar Baba da hularsa. A wurin zaman makoki ta ji mata suna maganar ciwon ƙoda, ta gane cewa Inna ta sani, gwaggonni sun sani, har mai shagon bakin layi ya sani. Yara kaɗai aka bari da labarin itatuwa. An binne shi a can. A ina? Indiya. Duk sa'ad da ta matsa da tambaya sai a ce, "Yi masa addu'a, za ta same shi ko'ina yake."

Ta ajiye ludayin, ta dubi mijinta irin duban da ba ta taɓa yi masa ba. Wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Da ya miƙa hannu zai ɗauki ruwa sai hannun rigar ya ja baya, ga filasta a damtsensa.

"Me ya same ka a nan?"

"Allurar rigakafi ce. Na je wurin GP, likitan unguwarmu. Ke ma sai kin je."

"Har ka yi allura kafin ka tambaye ni?"

"Na san ba za ki ƙi ba."

"A wannan zamanin? Kai da ka ce an sallami rabin ofishinku, sauran kowa yana jiran a kira shi? Laburaren unguwar nan ma an rage masa ranaku. Mutane suna tunanin yadda za su kunna hita, mu za mu tafi kallon ruwa? Na Manchester bai ishe ka ba?"

"Wannan ruwa ne? Wannan ai tsokana ce." Ya yi murmushi, amma bai yarda idonsu ya haɗu ba.

Washegari tana haɗa kayan wanki ta ga bel ɗinsa. An huda masa sabon rami, da ƙusa ma aka huda, gefen ya yi kaca-kaca. A aljihun jakarsa akwai ƙwayoyi cikin farar takarda. Ya ce na zazzaɓin cizon sauro ne. Ta ce to. Da hantsi wayarsa ta yi ƙara, ya duba, ya tashi ya fita kan bene ya ja ƙofa. Gidaɗo da ko da Inno mahaifiyarsa yake waya a gabanta yake yi, har ya miƙa mata su gaisa. Ta matsa jikin ƙofar. Turanci yake yi ƙasa-ƙasa, abu ɗaya ta kama sarai: matata ba ta sani ba tukuna.

Da ya dawo ta ce, tana ninke tawul, "Wai waye Alfred ɗin nan?"

"Ɗan can ne. Nas ne, a Birmingham yake aiki."

"A wane ɓangare?"

"Wurin masu wankin ƙoda."

Ta ce za ta zaga. Ta shiga banɗaki, ta buɗe famfo har ƙarshe don kada ya ji ta.

*

Ranar Laraba ba ta je jami'a ba. Ta hau bas zuwa Digbeth a Birmingham, daga nan ta kama wata zuwa Handsworth, gidan Anti Rahmatu. Anti ƙawar Inna ce tun suna 'yanmata, ta daɗe a Ingila har 'ya'yanta suna amsa sallama da Turancin Birmingham. Mijinta Dakta Falalu GP ne a Soho Road. Safiyatu ba ta gama cire takalmi ba ta fara ba da labari.

"Indiya?" Anti Rahmatu ta dafe ƙirji. "Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Da bakinsa ya ce Indiya?"

"Wai hutu, Anti. Wai daji da magangarar ruwa."

"'Yar nan, tun da uwata ta haife ni ban taɓa jin mutumin Arewa ya je Indiya kallon daji ba. Dubai, e. Makka, e. Indiya asibiti ce. Mijin ƙanwata cewa ya yi saro yadi zai je, ashe zuciya ce. Wata maƙwabciyarmu a Tudun Wada ta ce bikin 'yar ƙawarta ake yi. Wace ƙawa gare ta a Indiya? Da sanda ta dawo. Ke, sai na gaya miki? Ke fa ba baƙuwar abin ba ce."

"Amma Anti, ga asibiti a nan. Me zai kai shi can?"

"Layi! Kin san layin da ake bi a nan kafin a ga babban likita, yanzu da komai aka tsuke shi? Kuma idan a nan ya kwanta ai dole ki sani. Can kuwa ya ajiye ki a otal kina kallon bishiya, ya ce zai je ya dawo." Ta matso da kujera. "Ya rame?"

"Ya huda bel."

"Da ƙusa?"

"Da ƙusa."

"Shi ke nan." Anti ta girgiza kai. "Bafulatani ne fa. Waɗannan ko wuƙa aka soka musu cewa za su yi sauro ne. Idan kika tambaye shi kai tsaye zai yi miki dariya, ya ce Dakta kin cika karatu."

Safiyatu ta kifa kai a gwiwa. "Don Allah, Anti, kada kowa ya ji. Ina so in fara jin ta bakinsa."

"Haba, ni? Bakin nan a ɗinke yake. Kawunki Falalu kaɗai zan gaya wa. Shi likita ne, ba ya cikin lissafi."

Da lokacin tashi daga aiki ya yi, Safiyatu ta nufi Balsall Heath inda yake haya. Ba ta kai gidan ba ta hango shi ta gilashin wani shagon shayi a Ladypool Road. Yana zaune da wani gajeren mutum mai gashin baki, katin asibiti rataye a wuyansa. Mutumin ya miƙa masa waya. Gidaɗo ya daɗe yana kallon abin da ke ciki, sannan ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu. Mutumin ya dafa kafaɗarsa.

Ba ta taɓa ganin hawayensa ba. Ta tsaya a tashar bas da ke tsallaken titi, yayyafi yana jiƙa mata mayafi, tana kallon ƙeyarsa, da kunnen nan nasa na hagu da ya ɗan fi na dama fitowa, da yadda yake riƙe kofi da hannu biyu kamar wanda aka ba amana. Ta tuna ranar da suka fara haɗuwa a walimar ɗalibai, ya zubar mata da zoɓo a atamfa, ya bi ta har bakin mota yana ba da haƙuri da Hausa da Fulatanci da Turanci. A ranta ta ce, ashe haka ake son mutum, sai ka ji kamar ka shiga ka kwashe shi gaba ɗaya ka ɓoye a inda ciwo ba zai gan shi ba. A lokaci guda kuma ta ji kamar ta shiga ta kife masa shayin a ka. Bas ta zo. Ta hau, ta koma Manchester ba tare da ya san ta zo ba.

*

Asabar ta zagayo, wannan karon ita ta bi shi. A hanya ta shirya maganarta tsaf, ta san inda za ta fara da inda za ta tsaya ta ja numfashi. Ya tare ta da fara'a, ya karɓi jakarta, ya ce ya sayo mata rigar ruwa mai launin ganye. Ta zauna a bakin kujera.

"Injiniya, zauna. Akwai magana."

Ƙararrawar ƙofa ta kaɗa.

Anti Rahmatu ce a gaba da filas ɗin kunun gyaɗa. Bayanta Dakta Falalu da jakarsa ta aiki. Bayansa Malam Rabe, dattijon da ke jan ɗalibai salla a jami'a, riƙe da gorar zamzam da ledar dabino. Sai ɗalibai huɗu ko biyar da inabi da lemo da ayaba, kowa ya sunkuyar da kai, ana cire takalma a hankali kamar an shigo ɗakin mai barci. Kafin ka ce me, ɗan falon ya cika, wasu a ƙasa, wasu a jikin bango.

"Ikon Allah," in ji Gidaɗo. "Sannunku da zuwa. Lafiya dai?"

"Mu za mu tambaye ka," Malam Rabe ya ce da tattausar murya. "Ya jiki, Injiniya?"

"Jiki? Lafiya ƙalau, Malam."

Aka dubi juna. Anti Rahmatu ta yi wa Safiyatu wani kallo mai cewa ba na gaya miki ba.

"Allah Sarki," wani ya ce daga baya. "Dauriya."

"Cuta ba mutuwa ba ce," in ji Malam Rabe, yana buɗe gorar. "Kankarar zunubi ce. Sha wannan da bismilla."

Gidaɗo ya karɓa, don ba a mayar da zamzam. Ya sha yana raba ido. Wani dogon ɗalibi mai suna Abdulsalami, wanda Gidaɗo ya taɓa sauka a falon nan lokacin da kuɗin karatunsa suka makale, ya miƙe tsaye yana murza hula.

"Yaya, ni ban iya magana ba. Amma jinina O ne, an ce yana shiga da na kowa. Idan ɗaya ake nema, ina da biyu. Wallahi da gaske nake."

"Biyu me?"

"Ƙoda, Yaya."

Kafin Gidaɗo ya rufe baki Dakta Falalu ya riga ya tsuguna ya kama ƙafarsa, ya naɗe wandon, ya danna idon sawu da babban yatsa. Ya saki, ya sake dannawa.

"Babu kumburi," ya ce, kamar bai ji daɗin hakan ba. Ya ja fatar idonsa ya leƙa. "Fitsari fa? Yana kumfa?"

"Dakta!" Gidaɗo ya dubi Anti Rahmatu, ya dubi ƙasa, kunnuwansa kamar su kama da wuta. "Don girman Allah, wa ya ce muku ba ni da lafiya?"

"Wa zai ce? Ai ba ka faɗa ba," in ji Anti. "Indiya ce ta faɗa."

Ƙararrawa ta sake kaɗawa. Wani ɗalibi ya buɗe, sai ga mutumin nan mai gashin baki na shagon shayi, da katuwar leda a hannu. Ya tsaya turus ganin taro.

"Ga mai jinyar tasa nan," Anti ta raɗa, raɗar da kowa ya ji. Aka hau matsa masa wuri.

"Alfred ke nan," Gidaɗo ya ce da muryar wanda ya gaji. "Saƙo ya kawo, zan kai wa mahaifiyarsa. Sabulu ne da cakulan. Ku duba in kuna so."

Babu wanda ya yi dariya. Safiyatu ta miƙe. Duk maganar da ta shirya a bas ta watse, abin da ya fito daban ne.

"Na gan ka ranar Laraba. A Ladypool Road, kai da shi. Ya nuna maka wani abu a waya ka yi kuka. Na ji ka a kan bene kana cewa matarka ba ta sani ba. Ka rame, ka huda bel, kana shan magani. To ga ni, ga mutane. Faɗa mini." Muryarta ta karye, ta tattaro ta. "An taɓa tsugunawa a gabana an ce mini za a je ganin itatuwa. Ba zan sake karɓar jaka da hula ba, Gidaɗo. Ko mene ne, ina so in ji shi yau, da kunnena, kafin mai shago ya ji."

Ba ta taɓa kiran sunansa a gaban mutane ba. Gidaɗo ya sauke ƙafar wandonsa, ya tashi.

"Malam, Anti, ku yi mana izini."

Ya bi ta kicin da ita zuwa ɗan tsakar gidan baya, inda babu komai sai kwandunan shara da igiyar shanya. Ana yayyafi. Ya tsaya a gabanta, hannuwansa a sake.

"Lafiyata ƙalau, Safiya. Na rantse da Wanda ya halicce ni. Wurin cin abinci na ofis suka rufe tun sanyin bara, ni kuma kin san girkina. Ramar ke nan. Maganin na sauro ne."

"Kukan fa?"

Ya ja numfashi. "Kabarin Baba na gani."

Ba ta gane ba. Ta ji kalmomin, amma sun ƙi zama.

"Tun da kika ba ni labarin nan nake bin Kawu Sunusi a waya," ya ci gaba. "Ya ƙi. Ya ce Baba ne ya sa suka yi alkawari kada a ɗaga wa yara hankali. Na ce Kawu, yarinyar nan tana digiri na uku. Sai bana ya sauko. Asibitin yana wani babban gari a bakin teku. Da likitoci suka ce sun yi iya yinsu, suka ce su koma gida, Baba ya ce shi ba zai hau jirgi ba sai ya ga abin da ya gaya wa 'yarsa zai gani. Ya ce tun yana makarantar gandun daji ake ba su labarin tik ɗin Nilambur. Suka ɗauki mota cikin ruwan sama suka tafi."

Safiyatu ta kama igiyar shanya.

"Kawu ya ce sai da aka riƙe shi ya sauka daga mota. Amma da ya isa gindin babbar bishiyar, ya ture hannun Kawu, ya rungume ta. Hannunsa ko rabi bai zagaya ba. Ya yi ta dariya, yana cewa Sunusi, wallahi sun girmi namu. Washegari aka kai shi magangarar ruwa, ya zauna a kan dutse ya kalla, ya ce kyakkyawa ce amma Matsirga tamu ta Kafanchan ta fi ta faɗi, kada dai a gaya musu. A garin ya cika. Musulmi ne da yawa a wurin, su suka yi masa wanka, suka sallace shi, suka kai shi maƙabartar masallacinsu. Kawu ya manta sunan masallacin. Shi ya sa na shiga neman ɗan garin a cikin nas-nas ɗin Birmingham, har aka haɗa ni da Alfred. Ɗan'uwansa ya yi ta bin masallatai yana tambaya. Ranar Laraba aka dace da wani tsohon ladan da ya tuna baƙon Afirka da ya zo ganin tik."

"Ya je," ta ce a hankali. "Ya gan su."

"Ya gan su."

Shekara da shekaru tana riƙe da maganar nan a matsayin ƙaryar ƙarshe da Baba ya yi mata. Ta yafe masa tun tuni, amma yafiya daban, ciwo daban. Yanzu ga shi an ce mutumin da ƙafarsa ba ta ɗaukarsa ya shiga mota cikin damina don kada maganarsa ta faɗi ƙasa. Ta fashe da kuka, irin wanda ba ta yi ba ko a zaman makoki. Gidaɗo ya matso zai riƙe ta. Ta ja da baya.

"Kai ma?"

"Safiya..."

"Kai ma ka sani, Kawu ya sani, Alfred ya sani, ɗan'uwan Alfred da ladan sun sani. Ni ce dai yarinyar. Yaushe ka yi niyyar gaya mini?"

"A gindin bishiyar. Na ce idan kika tsaya inda ya tsaya..." Ya haɗiye sauran. "Da na ce miki mu je mu ga itatuwa, na ɗauka za ki ji daɗin maganar a bakina. Na ɗauka zan wanke miki ita."

"Ka kai ni kabarin ubana da rigar ruwa mai launin ganye, ina ɗaukar hoto? Kwana nawa ina binne ka a zuciyata, ka sani? Har na zaɓi wanda zai kira Inno."

Ya sunkuyar da kai. Ruwa yana ɗiga daga tabaraunsa. "Na yi kuskure. Na so in ba ki kyauta, ashe abin naki ne tun asali."

Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta kama gefen mayafinta ta cire masa tabaraun ta goge, ta mayar masa a karkace.

"Kira mini Alfred."

Alfred ya fito yana taka-tsantsan, ya miƙa mata wayar da hannu biyu. Ƙasa ce ja, jiƙaƙƙiya, da ƙananan duwatsu biyu a tsaye, ɗaya a kai ɗaya a ƙafa. Bayan wata gajeriyar katanga dogayen itatuwa ne masu faffaɗan ganye, irin waɗanda take tsinta a Nimbia ta yi laima da su. A tsakanin duwatsun wani ɗan kurmi ya yi kore shar.

"Wannan fa?" ta tambaya da Turanci.

Alfred ya ce haka Musulmin garinsu suke yi, suna dasa shi a kan kabari. Ya faɗi sunansa da yarensu, ya nuna tafin hannunsa yana zana fure da yatsa.

"Lalle," ta ce. Dariya da kuka suka haɗe mata. "Lalle suka dasa masa."

Da suka koma falo babu wanda ya taɓa inabi. Safiyatu ta tsaya a bakin ƙofar kicin ta gaya musu da kanta, a taƙaice. Malam Rabe ya ɗaga hannu aka yi wa Baba addu'a. Anti Rahmatu ta jiƙa gefen gyalenta sharkaf, tana cewa ita fa ta san akwai wani abu, ai ba ta yi ƙarya ba, akwai wani abu. Abdulsalami ya koma ya zauna, yana shafa gefen cikinsa kamar wanda aka mayar wa ajiya.

"Sai dai 'yata," Malam Rabe ya ce a hankali, "kin san mata da shiga maƙabarta, kowane wuri da al'adarsa. Ki bi yadda mutanen garin suka ce."

"Katangar gajeriya ce, Malam. Na gani. Ko daga waje zan hango shi." Ta juya wurin Dakta Falalu. "Kawu Dakta, tun da ka zo da jakarka, auna shi. Duk abin da ake aunawa. Kuma ni za ka gaya wa sakamakon, ba shi ba."

"Na fa rantse miki," in ji Gidaɗo.

"Na ji. Miƙa hannu."

Aka yi dariya, ta farko tun shigowarsu. Anti ta hau zuba kunu a kofuna, ta tura wa Gidaɗo mafi girma, ta ce mutum ya auri mace mai tuƙa tuwo ya zauna yana huda bel da ƙusa, wannan ai abin kunya ne ga unguwa gaba ɗaya. Alfred ya karɓi nasa kofin yana shinshinawa, ɗalibai suna koya masa sunan kunun.

Safiyatu ta zare wayar mijinta daga aljihunsa yayin da hannunsa ke ɗaure cikin abin awo. Ta koma tsakar gidan baya ta ja ƙofa. Yayyafin ya ƙaru. Ta nemo lambar, ta danna, ta saurari ƙarar tana tafiya har Kafanchan.

"Injiniya?" in ji muryar tsoho. "Ka gaya mata?"

"Kawu, ni ce. Safiyatu."

Ta jiyo kukan akuya daga nesa.

"Ina da lokaci, Kawu," ta ce, ta zauna a kan dandamalin ƙofa. "Fara mini daga ranar da kuka sauka daga jirgi. Kada ka tsallake komai."